Tambaya da Amsa: Kula da Ciwon Tiyata

Tambaya: An yi wa ƙanwata tiyatar haihuwa, amma ma'aikaciyar jinya ta hana mu taɓa bandejin, kuma ta rage masu zuwa dubiya. Shin wannan tsanani ya zama dole? Daga wata mai karatu, Unguwar Rogo, Jos.

Amsa: Hajiya, Allah ya ba ta lafiya. Wannan ma'aikaciya ta yi daidai, domin Hukumar Lafiya ta Duniya ta bayyana a shekarar 2016 cewa a Afirka, matan da ciwonsu ke harbuwa bayan tiyatar haihuwa kan kai kashi 20 cikin 100.

Aikinta yana farawa tun kafin a shiga ɗakin tiyata: tana tabbatar da cewa an kashe ƙwayoyin cutar da ke jikin kayan aiki a cikin tukunyar tururi, an kuma bai wa majinyaciya maganin kariya daga ƙwayoyin cuta cikin minti 120 kafin yanka. Ba a aske wurin da reza, saboda ƙananan yankan da take bari mafaka ne ga ƙwayoyin cuta. A ganina, wanke hannu kafin taɓa majinyaci da bayansa ya fi komai muhimmanci, safar hannu kuwa ba ta maye gurbinsa.

Idan kun ga zazzaɓi, kumburi ko mugunya a wurin ɗinkin, ku sanar da ma'aikaciyar jinyar nan take.