Ɗalibata Ta Kawo Ƙarar Malami, Shugaban Makaranta Ya Ce In Kama Bakina

Tambaya: Ni malama ce a wata firamare mai zaman kanta a Kano. Wata ɗalibata 'yar aji biyar, wadda a da ba ta rabo da fara'a, ta koma shiru-shiru, kuma duk ranar darasin yamma sai ta ce cikinta na ciwo. Da na lallashe ta, sai ta shaida mini cewa malamin darasin yana tsayar da ita bayan kowa ya watse, yana taɓa jikinta. Na sanar da shugaban makaranta, ya ce zai ja masa kunne, ni kuma in kama bakina kada sunan makaranta ya ɓaci. Yau mako guda ke nan malamin yana shiga aji. Me ya wajaba a kaina?

Amsa: Malama, jan kunne na malamin da ke yawan makara ne. Abin da yarinyar nan ta faɗa zargin babban laifi ne, kuma shugaban makaranta ba shi da hurumin kashe maganar a ofishinsa. Dokar Haƙƙin Yara ta 2003 ta ɗauki duk wanda bai cika shekara 18 ba a matsayin yaro, Jihar Kano ma ta samu tata dokar kare yara a 2023, saboda haka amanar da ke wuyanki ba ta sauka ba don kawai kin gaya wa na gaba da ke.

Ki fara da rubuta abin da ta faɗa, da kalmominta, tare da rana da lokaci, ba tare da kin ƙara ko kin gyara ba. Kada ki sake titsiye ta da tambayoyi, domin bincike ba aikinki ba ne, kuma yawan maimaita labari yana rikita yaro har a zo a ce ƙarya yake yi. Abin da na fi jiye miki shi ne al'adar nan ta haɗa ɗaliba da malami gaba da gaba a ce ta maimaita a gabansa. Yarinya 'yar shekara goma ba za ta iya kallon idon mai ba ta maki ta tsaya a kan maganarta ba, sannan a ɗauki shirunta hujjar wanke shi. Kada ki yarda a yi haka.

Iyayenta su ji a yau, kuma ki fara da mahaifiyarta, ki roƙe ta kada a doki yarinyar ko a tuhume ta da jinkirin faɗa. Yara kan faɗi kaɗan da farko su ga yadda za a karɓa, don haka ya kamata likita ya duba ta. Cibiyar Waraka ta Kano, mai kula da waɗanda aka ci zarafinsu ta hanyar lalata, an kafa ta ne domin irin wannan. Idan abin ya wuce taɓawa, maganin kariya daga cutar ƙanjamau cikin awa 72 ake fara shi, wanda ke nuna irin asarar da jiran sulhu ke jawowa.

Daga nan ki rubuta wa mai makarantar takarda, ki riƙe kwafi, ki nemi a dakatar da malamin daga hulɗa da ɗalibai har a gama bincike. Dakatarwa ba hukunci ba ce; idan ma ba shi da laifi, bincike ne zai wanke shi, rufa-rufa kuwa zargin za ta bar masa. Ko mai makarantar ya amsa ko ya ƙi, ki raka iyayen wurin 'yan sanda, kuma kuna iya kai ƙorafi Ma'aikatar Harkokin Mata ko Hukumar Kare Haƙƙin Ɗan'adam ta Ƙasa. Sirrin da ya cancanci rufewa na yarinyar ne: kada sunanta ya shiga ɗakin malamai ko zauren WhatsApp na iyaye.

Wataƙila ba ita kaɗai ba ce. Ki nemi daga gobe a riƙa yin darasin yamma ƙofa a buɗe, da wata malama a wurin har ɗalibi na ƙarshe ya tafi.