"Ba gajiya" ƙarya ce? Amsoshin tambayoyin masu karatu

Wani mai karatu daga Unguwar Rogo, nan Jos, ya aiko da tambaya. Ya ce yakan wuni yana sauke buhunan kabeji da karas a kasuwar Farin Gada, da yamma a ce masa "ina gajiya?" ya ce "ba gajiya". Shin bai yi ƙarya ba?

Malam, ba ka yi ƙarya ba. Wanda ya tambaye ka ba labarin gaɓoɓinka yake nema ba. Nuna maka yake ya gan ka, ya san ka sha aiki, kuma babu komai tsakaninku. Ka duba yadda muke yi a Disamba da Janairu, lokacin da sanyin garin nan ke shiga ƙashi. Mutum ya fito sallar asuba a ƙudundune cikin bargo, haƙora na kaɗawa, maƙwabcinsa ya ce "ya sanyi?" shi kuma ya ce "lokacinsa ne". Dukansu a cikin sanyin suke, babu wanda ya ƙaru da sabon labari, amma zumunci ya ƙaru. In kana son sanin nauyin wannan aiki, ka wuce dattijo a ƙofar masallaci ba ka ce masa uffan ba. Kafin azahar an tambayi mahaifinka ko lafiya kake. Shi ya sa Hausawa suka ce yawan gaisuwa ya fi yawan faɗa.

Masana sun daɗe da lura da haka. Malinofski, masanin al'adun ɗan Adam, wanda ya zauna da mutanen tsibiran Turobiriyan a tekun Fasifik, ya yi rubutu a 1923 kan maganar da amfaninta kawai ƙulla zumunci ne. A 1960 kuma Roman Yakobson, masanin harshe haifaffen Rasha, ya kasa ayyukan harshe gida shida: ba da labari, fitar da abin da ke zuciya, sa wani ya aikata abu, riƙe hulɗa tsakanin masu magana, ƙawata zance, da yin magana a kan harshen kansa. "Ba gajiya" tana cikin na huɗu. Tambayar da ka yi mini kuwa tana cikin na shida.

Sai dai a kula da wuri. Idan likita ya ce maka "ya jiki?" a ɗakin duba marasa lafiya, ka tsaya a "da sauƙi", ka cuci kanka, domin shi labarin yake so. Mu ma muna da hanyarmu: sai an gama "lafiya lau" da "madalla" sannan mutum ya sassauta murya ya ce, "sai dai yaron ne ya kwana da zazzaɓi". Nan ne labari yake farawa.

Wata ɗaliba daga Kubwa, Abuja, mai karatun nazarin matani, tana neman ma'anar "kowa ya yi zagi a kasuwa ya san da wanda yake".

'Yata, ma'anar a fili take: mai habaici bai kama suna ba, amma ya san inda ya nufa. Abin da ke damuna da ɗalibai shi ne su kwafo karin magana da ma'anarsa su tsaya, kamar babu bakin da ya furta shi. Ki tambayi matanin da ke gabanki: wa ya faɗa, ga wa, a gaban wa? Idan wadda aka yi wa gugar zana ce ta faɗa a tsakar gida, cewa take ta gane sarai amma ba za ta tanka ba. Idan kuwa uwar gida ce ta faɗa wa ƙanwarta da ta hasala, rarrashi ne: kada ki ɗauki abin da ba a kira sunanki a kai ba. Sannan ki dubi kalmar "kowa" da ke farkonsa. Ita ma ba ta kama sunan kowa ba, don haka mai faɗar karin maganar yakan rama habaici ne da wani habaicin. Ki sa wannan a nazarinki, ki kawo jimlar da ta gabaci karin maganar da wadda ta biyo baya a matsayin hujja.