Wane littafin haiku na Turanci zan fara da shi?

Malam, kan tambayarka ta littafin haiku (gajeriyar waƙa mai layi uku da ta samo asali daga Japan) da za ka fara da shi, ni dai The Haiku Anthology na Cor van den Heuvel zan ce ka nema, tun 1974 ya fara fitowa, a ciki za ka ga yawancin mawaƙan Turanci ba sa ma bin ƙirgen gaɓa 5-7-5 ɗin nan da ake koyarwa (biyar a layin farko, bakwai a na biyu, biyar a na uku), don gaɓar Turanci ta fi ta Japananci tsawo sai waƙar ta yi nauyi. Layi uku, hoto biyu da kalmomi ke zanawa a zuci, da alamar damina ko hunturu shikenan. In kuɗi ne matsalar shiga shafin The Haiku Foundation akwai littattafai kyauta. Kuma akwai mujallar haiku ta ƴan Afirka mai suna Mamba, ɗan Ghana da ɗan Najeriya ne suka kafa ta, in har tana fitowa tura musu haikunka kawai.