Kifin bas yana dukan ƙoto a saman ruwa, amma ƙugiya ba ta kama shi

TAMBAYA: Assalamu alaikum. Ina zaune a Dalas ta jihar Teksas, kuma abokan aiki sun saba mini da zuwa fatsa a tafkin Fork ranakun hutu. Kifin da muke nema shi ne bas mai babban baki. Ina jefa ƙoton roba mai yawo a saman ruwa, wani lokaci mai siffar kwaɗo, wani lokaci dogon nan da ake kira Zara Spook. Kifin yakan taso ya doke shi har ruwa ya fantsama, in fizgi sanda, sai ƙoton ya dawo mini fayau. Na kusa da ni kuwa sai ciro nasu suke yi. Ƙoton ne ba shi da kyau, ko me?
Daga wani ɗan'uwa a Dalas

AMSA: Wa alaikumus salam, ɗan'uwa. Kada ka je sayen sabon ƙoto tukuna. Zara Spook ɗin da ke hannunka kamfanin Heddon ya fito da shi tun 1939, kuma har gobe yana kama kifi. Matsalar tana hannunka: kana fizga da ido, alhali da tafin hannu ake fizga.

Ka san yadda bas yake ci. Ba cizo yake yi ba, zuƙa yake. Yakan wangale baki lokaci guda, ruwa ya kwarara ciki tare da abin da ya hango. A ƙarƙashin ruwa wannan dabara ba ta cika kuskure ba. A sama kuwa, da ya taso da gudu, ruwan da jikinsa ya turo kan ture ƙoton gefe, sannan rabin abin da ya zuƙa iska ce. Fantsamar da ka gani sau da yawa yunƙurin farko ne kawai, ƙoton bai shiga baki ba. Kai kuma a daidai nan ka fizge masa abincin, ya juyo ya tarar babu komai.

Saboda haka in ruwa ya fashe, ka ci gaba da abin da kake yi kamar ba ka gani ba. Ka bari sai ka ji nauyi ya sauka a sanda, ko ka ga zare ya miƙe ya fara tafiya gefe, sannan ka ja. Na san abu ne mai wuya, don zuciya takan buga ta riga tunani. Ni abin da nake yi da kwaɗon roba shi ne in sunkuyar da bakin sanda, in naɗe sakin zare, in faɗi "bismillah" cikin natsuwa kafin in ɗaga. Wannan ɗan jinkirin ya isa kifi ya rufe baki ya juya kai ƙasa. Wasu masunta ma kawar da kai suke yi daga ƙoton gaba ɗaya, su kalli bakin gaɓa, don kada ido ya yaudare su.

Jan ma iri biyu ne, kuma ka haɗa ƙoto biyu a tambayarka waɗanda ba sa son hannu ɗaya. Kwaɗon roba ƙugiyoyinsa biyu ne masu kauri, a kwance a jikinsa don kada su maƙale a ciyawa. Sai jikin ya lotse kafin tsininsu ya fito, don haka yana son sanda mai tauri da ja mai ƙarfi zuwa sama. Zara Spook kuwa ƙugiyoyinsa sirara ne masu baki uku uku, ba sa buƙatar ƙarfi. Ka karkata sanda gefe ka ci gaba da naɗi, za su shige da kansu. In ka yi musu jan kwaɗo, ko ka yaga bakin kifin, ko ƙoton ya taso ya nufo fuskarka da ƙugiyoyinsa. Shi ya sa nake ce wa kowa ya sa tabarau.

Sai zare. Na fulorokabon, wani zaren roba garai-garai, nutsewa yake yi, yana jan hancin ƙoton ƙasa ya ɓata masa rawa, don haka ka ajiye shi don wani aikin. Ga kwaɗo cikin bado da ciyawa mai kauri, ka ɗaura zare mai kitso mai jure nauyin fam 50 zuwa 65. Ba ya talewa, yana kuma yanka ciyawa. Ga Zara Spook kuwa, zaren mono, wato na nailan mai sili ɗaya, na fam 15 ya wadatar, yana iyo, kuma ɗan talewar da yake yi ita kanta jinkiri ce mai amfani gare ka.

Ka gwada tsinin ƙugiya a farcen babban yatsa. In ta kafe, tana da kaifi. In ta zame, ka wasa ta ko ka sauya. Kwaɗon kuma ka ɗauki filaya ka ɗan buɗe ƙugiyoyinsa sama kaɗan, ka rage tsawon gashin ƙafafunsa da almakashi, don kifi kan kama gashin ya bar jikin. Ka riƙa matse shi ruwan da ya shiga ciki ya fita.

To in ya doka ya kuskure fa? Kada ka naɗe ka sake jifa. Ka bar ƙoton a wurin shiru, sai da'irar ruwan ta lafa, sannan ka ɗan motsa shi sau ɗaya. Masunta na cewa bas kan doki abu don ya sumar da shi, ya koma ƙasa yana jira, kuma wannan ƙaramin motsin shi ke dawo da shi. In bai dawo ba, a nan sanda ta biyu ke amfani. Ka tanade ta a gefenka da tanar roba da ba a ɗaura wa wani nauyi ba, irin Senko, ka jefa ta daidai inda ruwan ya fashe, ka bar ta ta nutse a hankali. Kifin da ya nuna maka inda yake ya riga ya yi maka rabin aiki.

Akwai ranar da za ka yi duk wannan su ci gaba da mari ba ci. Yawanci hakan na faruwa in rana ta take kuma ruwa ya kwanta luf, suna ganin ƙoton sarai. Sai ka rage gudu, ko ka koma ƙarami. In ba haka ba, ka bar saman ruwa sai bayan asuba ko dab da magariba, ko ranar da hadari ya rufe rana da ɗan iska mai kaɗa ruwa. A zafin Teksas na Yuli da Agusta, da hantsi ya ɗaga ka ɗaura abin da ke nutsewa.