Amsa: haɗa bot ɗin WhatsApp da akwatin saƙon kwastomomi

Malam, kana tambaya ko bot ɗin WhatsApp (manhajar da ke amsa saƙo da kanta) na ofishin kargonku a Jidda zai iya miƙa hira ga yaran da ke amsa kwastomomi. Eh zai yiwu sosai, ka yi wa lambar rajista a Cloud API na Meta (hanyar da kamfanin da ya mallaki WhatsApp ya tanada don haɗa lambar kasuwanci da manhaja), ka haɗa ta da akwatin saƙo irin su Chatwoot (manhajar da ma'aikata ke amsa kwastomomi a ciki), saƙo ya fara sauka can tukuna sannan bot ya amsa daga ciki. In mutum ya rubuta "wakili" ko bot ya kasa gane shi sai bot ɗin ya janye, ma'aikaci ya karɓa yana ganin duk abin da aka faɗa a baya.

Amma fa ka kula da wa'adin awa 24 da Meta ta sa don amsa wa kwastoma. Daga saƙon kwastoma na ƙarshe ake lissafi, in ta wuce ba ka iya tura masa komai sai tamfilet, wato saƙon da aka tsara tun farko wanda Meta ta amince da shi. Mu lokacin aikin Hajji abin ya fi damun mu, Hajiya ta turo saƙon murya daren Alhamis tana cigiyar katon ɗin dabinonta, Juma'a ofis a rufe, Asabar an zo amsawa lokaci ya ƙure, ita kuma tana can hankali a tashe. Don Allah ka sa mutum ɗaya yana leƙa akwatin ran Juma'a, kuma ka tanadi tamfilet na Hausa da na Larabci tun yanzu.