Raha Tsakanin Dattawa a WhatsApp

Malam, ka tambaya ko ya dace dattijo ya riƙa raha a zauren WhatsApp. A ganina ya dace ƙwarai, muddin ba a zubar da mutuncin kowa ba. Mu 'yan fansho a nan Jos muna da namu, kuma bayan sallar asuba, musamman a sanyin Disamba mai hana tsoho fita, sai ka ji Bafulatani ya aiko saƙon murya yana tsokanar Babarbare, kamar yadda muka saba a majalisarmu ta Gangare tun muna samari. Wani abokinmu da maiɗakinsa ta rasu bara, wannan barkwancin ne ya dawo masa da fara'arsa. Zancen siyasa kaɗai muka hana.