Ana Raba Darussana a Intanet Ba da Izinina Ba: Me Doka Ta Ba Ni?

Tambaya: Barista, barka da aiki. Ni malama ce. Na shirya darussan lissafi na bidiyo guda 40 da littafin atisaye na PDF, ina sayarwa ta intanet. Kwanan nan wata ɗalibata ta nuna mini wata tashar Telegram da ake raba su kyauta. Na tarar da wasu a YouTube, wani shafi kuma yana sayar da littafin da sunan wani mutum. Ban taɓa yi musu rajista ba. Ina da haƙƙi kuwa? Ta ina zan fara?

Amsa: Malama, sannu da haƙuri. Kina da haƙƙi, kuma rashin rajista bai rage shi ba. Yarjejeniyar Berne ta 1886, wadda ƙasashe sama da 180 suka shiga, ta hana a gindaya sharaɗin rajista kafin a kare aikin marubuci. Tun ranar da kika naɗi bidiyon kika rubuta littafin haƙƙin mallaka ya tabbata. Sai dai abin da doka ke karewa shi ne yadda kika tsara darasin, da muryarki, da kalmominki, da zanenki. Ilimin lissafin kansa na kowa ne. Wanda ya koyar da darasi iri ɗaya da bakinsa bai taɓa miki komai ba, wanda ya kwafe fayil ɗinki shi ne ya shiga gonarki.

Kafin ki yi wa kowa magana, ki tara hujja. A nan mutane da yawa ke ɓata shari'arsu da hannunsu: rai ya ɓaci, a aika wa mai tashar zagi, shi kuma ya goge komai ya buɗe wata da sabon suna. Ki ɗauki hoton allo na kowane saƙo, a ga sunan tashar, da yawan mabiyanta, da kwanan wata. Ki kwafi adireshin kowane saƙo ɗaya bayan ɗaya, domin adireshin tashar kaɗai ba ya isa. Ki sauke fayil ɗaya ko biyu ki ajiye yadda suke. Shafin da ke sayar da littafin kuwa, ki sa wani amintacce ya sayi kwafi guda ya riƙe rasidin, domin rasidin zai nuna asusun da kuɗin ke shiga. Ta ɓangarenki ki haɗa ainihin bidiyon tun kafin a tace su, da daftarin littafin, da shaidar ranar da kika fara sayarwa.

Sannan ki binciki kanki. Wa ya ɗauki bidiyon, wa ya tace, wa ya zana bangon littafin? In ba ma'aikatanki ba ne, a ƙasashe da yawa suna iya zama masu haƙƙi a kan abin da suka yi, sai in sun sallama miki a rubuce. Ki nemi wannan takardar yanzu. In kuma akwai kiɗa ko hoton wani a ciki wanda ba ki da izininsa, da shi za a fara jifanki.

Hanya mafi sauri ita ce takardar neman a sauke. Tushenta sashe na 512 na dokar Amurka ta 1998 da ake kira DMCA, wadda ta yi wa kamfanonin intanet alkawarin kariya daga biyan diyya muddin suka cire abin sata da zarar an sanar da su yadda ya kamata. Ba sai kina zaune a Amurka ba. Takardar na bukatar abubuwa shida: sa hannunki, bayanin aikin da aka kwafa, adireshin inda kwafin yake, yadda za a same ki, furucin cewa kin yi imani da gaskiya ba ki ba da izini ba doka ma ba ta bayar ba, da furucin cewa bayanan daidai ne tare da rantsuwar cewa ke ce mai haƙƙin ko wakiliyarsa. In ɗaya ya ɓace, kamfanin na iya ajiye ta gefe.

YouTube yana da fom nasa. Duk ƙorafin da ya karɓa gargaɗi ne a kan tashar, guda 3 cikin kwana 90 kan kai ga rufe ta. Ki sani sunanki da imel ɗinki na iya isa ga wanda kika kai ƙara, don haka in kina tsoron tsangwama, lauya ya aika a madadinki. Telegram yana duba ƙorafi a kan tashoshin da ke buɗe ga kowa. Shafin da ke sayar da littafin, kada ki ɓata lokaci da mai shi. Ki duba bayanan rajistar sunan shafin ta WHOIS, ki gano kamfanin da ke ajiye shi a na'urorinsa, ki rubuta masa. In sunan kamfanin Cloudflare ya fito, yawanci shamaki ne kawai a gaban shafin; ki cike fom ɗinsu na ƙorafi, su kan miƙa shi ga ainihin mai masaukin su kuma gaya miki sunansa. Ki nemi Google ya cire adireshin daga sakamakon bincike, ki kuma kai ƙorafi ga kamfanin da ke karɓar masa kuɗi. Mai sayar da kayan sata ya fi jin zafin toshe asusu fiye da kowace wasiƙa.

Wanda aka sauke wa kaya yana da damar musantawa a rubuce. In ya yi haka, dokar ta ce a mayar da abin tsakanin kwana 10 zuwa 14 na aiki, sai in kin nuna kin shigar da ƙara a kotu. Wannan na ɓata rai, amma akwai riba a ciki, domin dole ya rubuta sunansa da adireshinsa ya kuma amince da hurumin kotu. Ke ma ki kiyaye. Wanda ya yanko ɗan gajeren sashe don sharhi ko suka yana iya samun kariyar doka, kuma sashe na 512 ya ɗora diyya a kan wanda ya aika ƙorafin ƙarya da gangan. Ki tsaya a kan waɗanda suka kwafe darasi sukutum.

Kotu ita ce ta ƙarshe, kuma ba na ba da shawararta sai an san mutumin, an san yana da abin biya. Tana iya hana shi ci gaba, ta ba ki diyyar asararki ko ribar da ya ci, ta kuma tilasta a bayyana mai ɓoyayyen suna. A 2022 Babbar Kotun Delhi ta Indiya ta umarci Telegram ya miƙa bayanan masu tashoshin da ke raba darussan wata malama, lamari mai kama da naki ƙwarai. A kotu ne rajista ke da amfani. A Amurka, wanda ya yi rajista kafin satar, ko cikin wata 3 da fitar da aikin, yana iya neman ƙayyadaddiyar diyya daga dala 750 zuwa 30,000 a kan kowane aiki, har 150,000 in da gangan aka yi. Akwai kuma wa'adin shigar da ƙara, a can shekara 3 ne, kowace ƙasa da nata, don haka ki kai wa lauyan ƙasar da kike zaune takardunki da wuri.

Abu guda kada ki yarda da shi: wanda zai ce zai yi wa tashar kutse ya rushe ta. Laifi ne mai zaman kansa, kuma ke za a kama.

Kusan kullum fayil ɗin farko daga hannun wanda ya saya yake fita. Daga yanzu kowane kwafi ya ɗauki sunan mai saye ko lambarsa, a ƙasan kowane shafi na littafin, a bidiyo kuma rubutun ya riƙa sauya wuri don kada a yanke shi. Ki rubuta a sharuɗɗan sayarwa cewa kwafin na mutum ɗaya ne, mai saye ya amince kafin ya biya. Ranar da ya sake fita za ki san ƙofar da ya bi, kuma kina da ƙarar saɓa yarjejeniya a kan mutumin da kika san sunansa.